Tumbin Yayana da Za'afaran

Yayana bakanike ne, mai gyaran salansa, kuma tun ina 'yar makaranta a kwance yake neman abincinsa. Da safe zai shimfiɗa kwali a daɓen gareji, ya kwanta rigingine, ya tura kansa ƙarƙashin mota da dugadugansa, ba zai fito ba sai in an gama ko yunwa ta kira shi. A layin garejin ba mai kiransa da sunan da iyayenmu suka sa masa. Salansa suke ce masa, don in ya fara faɗa ƙararsa ta fi ta motar da aka kawo masa gyara.

Ni ƙanwarsa ce, ɗinki nake yi, shagona yana bayan layinsu. Shi Rediyo yake kirana, wai ba na yin shiru sai an ɗauke wuta. Ban musa ba. Amma tunda ni ke buɗa masa rigar aiki duk lokacin da ta matse shi, ba wanda ya kai ni sanin tarihin tumbinsa, don haka a bar ni in ba da labarin yadda na gan shi.

Yaya bai iya ƙaramin fushi ba. A gareji da baki yake faɗa, a gida kuwa makaminsa ɗaya ne, abinci. In gishiri ya yi yawa, ko wani ya buga ƙofa, ko mai karanta labarai ya faɗi abin da bai gamshe shi ba, sai ya sa yatsa ɗaya ya tura faranti gaba kaɗan, ya ce, "Na ƙoshi." Haushin kaza, huce kan dami. Kuma abin yabonsa, ba ya ha'inci a fushi. Wasu mazan in sun ƙi abincin gida sai su zaga su cika ciki a waje, shi kuwa ba shi da inda zai zaga, don ya ɓata da duk mai sayar da abinci a layin. Da mai shayi sun ɓata a kan shayi ya yi ruwa-ruwa. Da mai shinkafa a kan ta kafa teburinta a bakin ƙofar gareji. Da mai gasa kifi a kan hayaƙi, shi da sana'arsa ita ce hayaƙi. Don haka in ya ce ya ƙoshi, da yunwarsa yake kwana, kuma a mako da wuya a rasa ranakun da ya kwana hakan.

Matarsa, wadda nake kira Anti, ba ta da hayaniya. Lokacin da aka kawo ta gidanmu ina tuna ta da dariya, irin mai sa mutum ya riƙe ciki, amma zama da Yaya ya sa ta ninke ta ta adana. Ta koyi gane yanayinsa tun daga takunsa a bakin ƙofa. In ta ji takun ya yi nauyi sai ta rage rediyo, ta kawar da takalma daga hanya, ta ɗanɗana miya sau ɗaya na ƙarshe. Yaransu sun girma sun watse, gidan ya rage su biyu da agogon bango, kuma agogon ya fi su magana.

Duk da wannan kwanan yunwa, tumbi bai fasa zuwa ba, don ranar da ya huce yakan haɗa da na jiya, ga kuma shekaru. Abin takaicin shi ne, shi yana tasowa, motoci suna sauka. Motocin da ya koyi aiki a kansu mutum zai iya juyawa a ƙarƙashinsu, na yanzu kuwa cikinsu kusan a ƙasa yake ja. Yaya bai yarda da sikeli ba, ya ce na masu sayar da nama ne. Da mota yake auna kansa. Babbar mota, yana shiga yana fita yadda ya ga dama. A-kori-kura, da ɗan dabara. Ƙananan motoci kuwa sai an ɗaga jak har iyakarsa, shi kuma ya zuƙe numfashi ya riƙe.

Mai garejin ɗan tsohon maigidansu ne, a gaban Yaya ya tashi, Baba yake kiransa. Wata rana ya same shi yana wanke hannu, ya tsaya yana sosa ƙeya.

"Baba, mun samu aiki babba. Wani kamfanin motocin haya zai riƙa kawo mana motocinsa duka. Sai dai ƙanana ne, irin masu jan cikin nan."

"To, sai me?"

"Ka san jak ɗinmu iyakarsa ke nan. Rami kuma mai fili ya hana a haƙa, bututun ruwa ya bi ta ƙasa. Shi ne na ce, in shigar za ta ba ka wahala, akwai kujera a kantar sayar da kaya. Ka zauna kana sayar mana da kayan gyara, ka huta."

"Kanta," in ji Yaya. "Inda ake ajiye matattun batura."

A wurinsa kanta ita ce ƙarshen bakanike. Ya sha faɗa cewa duk wanda aka ba kujera a gareji, sallama ce aka yi masa cikin ladabi. Ranar ya koma gida ya ƙi abinci, washegari ma haka, alhali Anti ba ta ma san laifin da ta yi ba.

Ana cikin haka wata mata mai kantin kayan ƙamshi ta kawo motarta. Ta tsaya tana kallon yadda yake fitowa daga ƙarƙashi, yana mutsu-mutsu yana zagin wanda ya ƙera motar da wanda ya sayo ta. Da ya miƙe sai ta buɗe jaka ta fito da wata 'yar kwalba, cikinta wasu jajayen zaruruwa sirara.

"Malam, matsalarka biyu ce, kuma ana cewa maganinsu ɗaya. Za'afaran ne wannan. Sili kaɗan a ruwan ɗumi, safe da yamma. Wai yana rage kwaɗayi, yana kuma sanyaya zuciya."

"Zuciyata lafiyarta ƙalau," ya ce da ita, da ƙarfin da ya sa mai faci na maƙwabta ya leƙo.

Da a ce ba maganar komawa kanta, a kwata zai jefa kwalbar. Amma ya sa ta a aljihu ya kai gida. Ina can ranar, na kai wa Anti labulen da na ɗinka mata. Ta ɗora ruwa a wuta kamar yadda matar ta ce, sai ya tsayar da ita.

"Ruwa za ki sa? Duk maganin da ake zuba wa inji, a mai ake haɗa shi. Ruwa in ya shiga inji sai dai a sauke shi. Kawo madara."

Ta ɗauko ta gari, ya ce wannan ai gauraye ce, ta kawo ta gwangwani mai kauri. Ya ce a sa sukari, don mai ba ya kamawa sai da tartsatsi. Ya ce a kawo burodi, shi ne filta, shi zai tace maganin kada ya tafi kai tsaye. Burodin kuma a shafa masa bota, don ba a haɗa ƙarfe da ƙarfe babu giris.

Na ce, "Yaya, matar nan ruwan ɗumi ta ce."

"Rediyo, kin taɓa buɗe inji?"

"Kai ka taɓa buɗe mutum?"

Ya fita ya dawo da filayarsa mai dogon baki, ya wanke ta da sabulu, don yatsunsa sun yi kauri da yawa, ba za su iya tsinke sili ba. Da ita ya riƙa ɗauko zaruruwan ɗaya bayan ɗaya yana sakewa a madara. To za'afaran ba ya ba da kala nan take, sai an jira. Shi kuma a ƙa'idarsa ba ya barin aiki a wuta ya tafi, ba ya kuma yarda wani ya ƙarasa masa. Dole ya jawo 'yar kujera ya zauna a kicin, ɗakin da tunda suka shiga gidan bai san inda cokula suke a cikinsa ba.

Haka ya zama safe da yamma. Shi a 'yar kujera, ita a tsaye jikin murhu, suna kallon farar madara tana komawa rawaya a hankali. Da farko shiru suke yi. Da shirun ya ishe shi sai ya lura famfon kicin yana ɗiga, ya tambaya tun yaushe. Ta ce tun autansu yana firamare. Ya gyara shi a ranar. Wata yammar kuma ta ba shi labarin kyanwar maƙwabta da ta haihu a cikin hular maigidanta, mutumin ya rasa yadda zai yi, ya fita aiki da kai a buɗe. Anti ta ce da ta ji wani sauti ya fito daga ƙirjinsa ta ɗauka ƙwarewa ya yi, har ta miƙa masa ruwa.

Washegari ta kira ni a waya, muryarta ƙasa-ƙasa. "Yayanki ya yi dariya jiya."

Na ce, "Me ya same shi?"

Ni dai ban san ko za'afaran ne ba, wannan sai a tambayi likitoci. Wata ƙila shi ne, wata ƙila kuma zaman kicin ne, don mutumin da bai taɓa zama ba komai a hannunsa ba an tilasta masa zama sau biyu a rana kusa da matarsa. Abin da na sani shi ne, kafin wata ya ƙare Yaya ya fara gaishe da mutane. Layin gareji ya shiga ruɗu. Mai faci ya ja ni gefe ya tambaye ni ko asibiti sun faɗa masa wani abu da ake ɓoye mana.

Daga gaisuwa sai sulhu. Ya je wurin mai shayi ya ce a yafi juna, mai shayi ya ji daɗi ya haɗa masa mai kauri, da ƙwai da burodi. Mai shinkafa da ta ji labari ta ce ita ba za a bar ta a baya ba, ta aiko da faranti an tula nama a kai. Mai gasa kifi ya zaɓo masa babba. Abincin sulhu kuwa ba a mayar da shi, kuma su a wurinsu sulhun kullum sai an sabunta. A gida ma yatsan nan ya yi ritaya. Gishiri ya yi yawa, ya ci. Labarai sun ɓaci, ya ci. Ga madarar gwangwani da filta da giris, safe da yamma. Ko matar kanti ta yi gaskiya a kan kwaɗayi, ba a ba maganin filin da zai nuna kansa ba.

Ni na fara ganin sakamako, a kan teburina. Na buɗa rigar aikin har ɗinki ya ƙare, na ƙara ƙyalle a gefe da gefe, ƙyallen mai kalarta ya ƙare, na koma ga ragowar labulen Anti, mai furanni ja da ruwan hoda. Da gangan na yi, ina jiran ya tayar mini da shago. Ya sa rigar, ya juya a gaban madubi, ya ce, "Ya yi kyau. Yanzu ko a duhu ba mai taka ni." Mutane suna cewa garin neman ƙiba a samo rama, mu namu a juye ya zo mana.

Mai faci ne ya gano cutar. Tsoho ne siriri da ya shekara da shekaru yana shan faɗan Yaya ta katanga. Ya zo shagona da kansa, ya zauna a kan buhun ƙyallaye.

"'Yar'uwa, tsohon injin nan da fushi yake ƙona mai. Ba shi da wani motsa jiki sai shi. Kun je kun gyara masa zuciya, yanzu man taruwa yake, ba ya ƙonewa. Jiya a-kori-kura sai da aka sa masa katako a ƙarƙashin jak. In motocin nan suka iso a haka, kanta zai tafi, kuma kin san yayanki."

Na san shi kuwa. Na ce to mene ne abin yi. Ya ce a ɓata masa rai, ya koma ƙin abinci. Ni da na ji haka sai na ji an sosa mini inda yake mini ƙaiƙayi, don tun ina rarrafe wannan ce sana'ata ta farko, ɗinki daga baya ya zo.

Na fara da sifanarsa, wadda ko mai gareji ba ya taɓawa. Na ɗauke ta ba sallama, na yi kwanaki ina danne yadi da ita, na kafa ƙusa da ita, na mayar masa zare na lilo a jikinta. Ya juya ta, ya cire zaren, ya ce ashe tana da amfani a wajen tela ma, in ina so ya nemo mini irinta. Na gaya masa, a gaban mutane, cewa bakaniken tsallaken titi ya fi shi iya ɗaura salansa. Ya ce ai mutumin yana da hannu, Allah ya ƙara masa kasuwa. Na koma gida ranar raina a ɓace har na kasa cin abinci, ni da aka aika in hana wani ci.

Sai na je wurin Anti, na ce ta zabga gishiri a miya, irin wanda ko doki ba zai lasa ba. Ta ce to. Washegari na tambaye ta, ta ce ta sa, ya ci har ya ƙara. Na leƙa tukunyar na ɗanɗana ragowar, gishiri daidai wa daida. Na dube ta, ta juya tana goge murhun da yake a goge.

Rannan kamfanin ya aiko da mota ɗaya ta gwaji, 'yar ƙarama fara. Na je da kaina don in gani. Aka ɗaga jak har iyakarsa. Yaya ya shimfiɗa kwali, ya kwanta, ya zuƙe numfashi, ya tura. Ya shiga, da ƙyar, furannin suna goga ƙarfe. Muka ji ƙwanƙwasa, muka ji ɗauri, aiki ya kammala yadda ya saba, ba wanda ya taɓa kushe hannunsa. Wurin fitowa ne mai faci, da bakinsa ba ya ajiye magana, ya ce da masu jan ƙafarsa, "Ku ja a hankali, kada ku kakkaɓe mana lambun."

Yaya ya fashe da dariya a ƙarƙashin mota. Numfashin da ya riƙe ya kuɓuce, tumbi ya koma girmansa na gaskiya, ya cika tsakanin daɓe da cikin mota. Gaba ta ƙi, baya ta ƙi. Yana dariya motar tana rawa a kan jak, rawar motar kuma tana ƙara ba shi dariya. Mai gareji ya daka tsawa a riƙe motar. Kafin ka ce me layin ya taru, mai shayi da tawul a kafaɗa, mai gasa kifi da gawayi a hannu, mai shinkafa tana ba da umarni da ludayi. Suka kama motar suka ɗaga, ni da mai faci muka ja ƙafa ɗai-ɗai. Ya fito da layin baƙin mai daga ƙirji har cibiya, yana share hawaye.

Kowa yana dariya ban da mai gareji. Ya tsuguna kusa da Yaya.

"Baba, da jak ɗin nan ya zame fa? Me zan gaya wa Mama a gidanka? Motocin suna nan tafe nan da wata biyu. In ka sauka kafin nan, aikinka ne. In ba ka sauka ba, wallahi ba zan bar ka ka ƙara shiga ba, ko za ka tsine mini."

Da yamma Yaya ya biyo ta shagona. Ya ce ya ji abin da mai faci yake faɗa a kan fushi da ƙona mai, gaskiya ne? Na ce gaskiya ne, ai ga rigar nan shaida. Ya daɗe yana kallon keken ɗinkina, sannan ya tafi. Washegari ya ɗauke kwalbar daga kicin, ya kai gareji, ya kulle ta a akwatin kayan aiki.

Da ya rage madara da giris kawai, ya koma ruwan ɗumin da aka ce masa tun farko, da an huta. Na faɗa masa, ya ce ba a gyara inji rabi da rabi, ko a mayar da shi yadda aka ƙera shi ko a bar shi. Ya daina shiga kicin. Kwanakin farko fushin na aro ne, kana ganin yana ɗaure fuska tana kwancewa. Ya je ya ce wa mai shayi shayinsa ruwa ne, mai shayi ya ɗauka wasa ne, sai da ya maimaita da zagi. Ya kori teburin mai shinkafa. Yunwa kuwa ba ta barin fushi ya daɗe yana na aro, cikin mako guda ya zama na gaske. A gida yatsa ya dawo bakin aiki.

Kuma abin ya ci. Na cire furannin gefe ɗaya, na cire na ɗaya gefen. A-kori-kura ta daina buƙatar katako. Mai faci yana shan zagi ta katanga yana ɗaga mini babban yatsa. Ni kuwa har wani taku nake yi, ina jin na ceci sana'ar yayana.

Wata la'asar na kai rigar gidansu bayan na ƙara rage ta. Na tarar da Anti a kicin, a kan 'yar kujerar nan, ga kofi biyu na madara a gabanta, fara fat, ɗaya har ya yi yanar sanyi. Ta ce mantuwa ce, hannunta ne ya saba zuba biyu. Na buɗe rigar ina nuna mata yadda na tsuke ta, ina cewa in aka ci gaba a haka motocin nan ko sun fi haka jan ciki zai shige su. Ta ce madalla. Na ce ai ya kamata ta fi kowa murna.

Ta juya kofin a hannunta. "Ina murna. Ba na so ya rasa aikinsa, na san abin da yake a wurinsa. Amma in ni za a tambaya, a bar mini mai tumbin. Mai shiga ƙarƙashin motar na zauna da shi fiye da shekara talatin, na san shi. Wancan kuwa yanzu muka fara sabawa aka ɗauke shi."

Rediyo ta ɗauke, ba tare da an ɗauke wuta ba. Na ji kunya, na kuma ji tausayinta. Da na juya sai ga Yaya a bakin ƙofar kicin. Ba mu ji shigowarsa ba, don a watannin nan Anti ta manta da sauraron taku. Ya miƙo hannu na ba shi rigar, ya duba ɗinkin, ya ninke ta, ya wuce ɗaki.

Da safe ya sami mai gareji ya ce a ba shi kujerar. Mai gareji ya ce ai da sauran lokaci, kuma yana sauka, kowa ya gani. Yaya ya ce ya san da sauran lokaci, kujerar yake so. Da aka kawo ta roba ya ce wannan ba za ta kai mako ba, ya haɗa ta ƙarfe da hannunsa, ya yi mata walda. Ya buɗe akwati ya mayar da kwalbar gida. Sulhu da mai shayi a karo na biyu ya fi na farko wuya, sai da Anti ta sa baki.

Motocin suka zo, aka ɗauki wani bakanike siriri da yake shiga ƙarƙashinsu ko jak bai gama hawa ba. Yaya ya koma kanta da farar riga da tabarau na karanta lambar kaya. Tumbin ya dawo da 'yan rakiya. Yanzu dai an sasanta an cire bota, kuma da yamma shi da Anti sukan zaga unguwa a ƙafa, wai yana ɗumama inji.

Kwanan baya ina zaune a wurinsa sai ga wani tsohon direba ya shigo sayen filogi. Ya daɗe yana kawo mota garejin, amma a ofis yake biya, Yaya kuma kullum yana ƙasa, don haka abin da ya sani nasa ƙafafu ne da tsawa. Ya karɓi filoginsa, ya leƙa cikin gareji, ya dawo.

"Malam, ina masifaffen nan da yake ƙarƙashin mota? Salansa."

Yaya ya gyara tabarau. "Ya bar aiki."

"Allah raka taki gona. Mutumin nan ya taɓa zagina har da motata. Amma fa in ya ɗaura maka salansa, sai dai motar ta mutu ta bar ta. Irinsu sun ƙare."

"Sun ƙare," in ji Yaya.

Da mutumin ya fita Yaya ya yi ta dariya har ya cire tabarau yana goge ido, ya daɗe yana gogewa bayan dariyar ta tsaya. Daga cikin gareji ana jin ƙwanƙwasar sabon bakaniken, ƙafafunsa a waje. Yaya ya karkata kai yana saurare.

"Ji can. Na baya yake ɗaurewa kafin na gaba. Zai karkace."

Ya dafa kanta, ya ɗaga daga kujera har rabi. Ya tsaya a haka, yana kallon kwalin da ke shimfiɗe a ƙasa. Sannan ya koma ya zauna a hankali, ya mayar da tabarau.

"Zai koya," ya ce. "Rediyo, in kin bi ta gida ki ce mata yau da wuri zan dawo."